Aikin Mata da Aikin Maza: Wa Ya Yi Rabon a Ƙasar Hausa?

A birnin Kano, wanda ya tara kayan wanki yana neman mai wanke masa a biya shi, namiji zai nema. Idan ruwa ya yanke a unguwa, ɗan garuwa ne zai turo kura, kuma mai shayin bakin titi da ke soya ƙwai yana dafa taliya har tsakar dare shi ma namiji ne. Amma da zarar an wuce zaure an shiga cikin gida, wanki da girki da ɗawainiyar ruwa duk sunansu aikin mata, kuma magidancin da aka gani yana tuƙa tuwo alhali matarsa na zaune lafiya lau, ba zai kwana ba a raɗa masa mijin-ta-ce ba. Aikin dai shi ne, abin da ya bambanta shi ne wurin da ake yin sa da kuma ko akwai kuɗi a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata kafin ya ce rabon aiki tsakanin maza da mata haka aka halicce shi.

Abubuwa uku ne suke cakuɗewa duk lokacin da aka ɗauko wannan magana. Akwai halitta, wadda babu mai jayayya da ita: mace ce ke ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar. Akwai addini, wanda ga mafi yawan Hausawa Musulunci ne bisa mazhabar Malikiyya, shi ne ya ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ya kuma ba mace sadakinta da gadonta da ikon mallakar dukiyarta. Sai kuma al'ada, wadda ta fi sauran biyun yawan dokoki, ta kuma fi su iya ɓuya, domin sau da yawa rigar addini take ara ta sa, har mai bin ta ya rantse cewa umarnin Allah yake bi. Mafi yawan abin da muke kira halin namiji ko halin mace daga wannan ta ukun ya fito, kuma tarihinmu ya nuna cewa ta sha sauya hukunci idan hanyar cin abinci ko hanyar mulki ta sauya.

Ba sai an yi nisa ba kafin a ga haka. Buzayen Agadas Musulmi ne kamar Hausawa, amma a wurinsu namiji ne ke naɗa rawani ya rufe fuska ya bar idanu kawai, har yana jin nauyin buɗe baki a gaban surukansa, mace kuwa fuskarta a buɗe take, kuma bukkar da ake zaune a ciki tata ce, idan aure ya mutu da abarta take tashi. A bikin Gerewol na Fulanin Bororo a Nijar, samari ne ke cancaɗa ado da kwalli da launin ja da rawaya, su jeru suna rawa, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau. A ƙasar Yarbawa kasuwa ta mata ce, har akwai sarautar Iyaloja ta shugabar 'yan kasuwa, alhali a Kano maigida ne ke zuwa ya yo cefane. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne Maguzawa, masu harshe ɗaya da mu, a karkarar Kano da Katsina da Kaduna: matansu na shiga gandu su yi noma, suna da gayaunarsu, suna cin kasuwa, kuma babu wanda ke ganin hakan ya rage musu mutunci.

Tarihin sarautar Hausa ma bai fara da maza zalla ba. Labarin Bayajidda, ko a ɗauke shi tarihi ko a ɗauke shi almara, a hannun sarauniya ya nuna Daura, kuma jerin masu mulkin garin da mata ya fara, daga Kufuru har zuwa Daurama. Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, masana sun saɓa a kan ko ƙarni na 15 ta yi ko na 16, amma kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta, kuma har yau akwai garuruwan da ke kiran tsohuwar katangarsu ganuwar Amina. A Gobir akwai Inna, a Katsina akwai Iya, matan gidan sarauta ne masu riƙe da al'amarin bori, masu faɗa a ji a fada. A 1899 Sarauniyar Lugu, a yankin Dogon Dutsi, ta tari ayarin sojan Faransa da Voulet ke jagoranta. Yau idan aka ce Iyan Zazzau ko Iyan Katsina, namiji mai rawani ake nufi. A Maraɗi da Tsibiri kuwa, inda tsofaffin gidajen sarautar Katsina da Gobir suka koma bayan jihadi, Iya da Inna mata ne.

Kulle kuma yana da mafari. Kundin tarihin Kano ya jingina shi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yanzu. A zamaninsa, da ƙarnuka bayansa, kulle abu ne na fada da gidajen manyan malamai da attajirai, domin mai iya tsare matarsa a gida shi ne mai wanda zai yi masa aikin da ta bari.

Jihadin 1804 ya zo wa mata da abubuwa biyu da ba su tafi hanya ɗaya ba. Ya rufe musu ƙofar sarauta, ya yaƙi bori wanda nan ne suke da iko a bainar jama'a. Sai dai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya buɗe musu wata ƙofar da ƙarfi. Malaman zamaninsa sun zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, ya amsa musu da cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. A cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala ba, ya kuma faɗa wa mata cewa ayyuka irin su girki da wanki da ake tilasta musu ba Allah da Manzonsa ne suka wajabta su ba. Magana ce da mai yiwuwa idan wani ya faɗe ta a majalisa yau ba tare da ambaton mai ita ba, a ce masa ɗan boko. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijai mata a matsayin jaji, ta ba kowace malfa, su riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa kulle bai game talakawan karkara ba sai a zamanin Turawa, kuma dalilinsa na farko ba wa'azi ba ne. Kafin 1903, lokacin da Ingila ta ci Kano da Sakkwato, noma da ɗebo ruwa da yin itace a gidaje masu hali aikin bayi ne, mata da maza, 'ya mace kuwa tana ciki. Da Turawa suka hana cinikin bayi, suka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan suka soke bautar gaba ɗaya a Arewa a 1936, sai waɗanda suka fita daga ƙangi suka nemi abin da zai nuna wa duniya cewa su ma 'ya'ya ne. Babbar alamar ita ce mace ta bar gona. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajajen 1950, ya kawo wannan bayani, kuma yana da ƙarfi, domin yana warware abin da in ba shi ba zai zama abin mamaki: mata da kansu suna neman auren kulle, suna ganin sa a matsayin hutu da ɗaukaka.

Ƙasa ma ta sa hannu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura cewa kulle ya yiwu a ƙauyukan wannan yanki ne saboda ruwa na kusa, ana iya haƙa rijiya a cikin gida, ga kuma jakuna da ke ɗaukar kayan da a wasu wurare kan mace ke ɗauka. Inda rijiya ke da zurfi kuma tana bayan gari, kamar ƙauyukan arewacin Maraɗi, babu magidancin da zai iya kulle, komai sonsa, sai dai abin da ake kira kullen zuci. A kudancin Maraɗi kuma, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka yi kaɗan, an ga magidanta sun shiga tsare matansu a gida a daidai lokacin da babu sauran filin da za a yanka musu, wato kullen ya zo ya rufe maganar gonar da mace ta saba samu. Hukunci ɗaya ne a baki, amma a wani wuri 'yanci ya haife shi, a wani wuri ƙarancin ƙasa.

Matar da ke kulle ba ta zauna hannu rabbana ba. A bayan katangar akwai kasuwa mai girma wadda baƙo ba ya gani: fura da ƙosai da alala da dambu, man gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa, kitso da ɗinkin hula, sarin hatsi da kaka a ɓoye a sayar da bazara. Kuɗin da ta samu nata ne, shari'a ta ba ta, al'ada ma ta yarda, har takan ranta wa mijinta ta kuma karɓi abinta. Da shi take zuba adashi, take biki, take sayen akuya, take tanadin ranar da aure zai iya mutuwa, wadda a ƙasar Hausa ba rana ce mai nisa ba. To amma wanda ba ya fita ba ya ciniki sai da ɗan aike, kuma ɗan aiken nan 'yarta ce. Ita ke ɗaukar tire ta zaga unguwa da tasha, ita ke sayo kayan haɗi, ita ke kawo labarin farashi.

A nan ne rabon ya fi nuna yadda yake ɗaure kansa da kansa. Al'ada, ba shari'a ba, ta ɗora wa iyayen amarya kayan ɗaki da gara, kuma nauyin jeren kwanuka da gado da katifa kan uwa ya fi faɗawa, domin ita za a yi wa gori ranar da dangin ango suka zo ganin ɗaki. Uwa na buƙatar riba don ta tara kayan, ribar na buƙatar talla, tallar na cin lokacin makaranta, yarinyar da ke yawon talla kuma da ta fara girma hankalin uba ba ya kwanciya sai ya ga ta a ɗakinta. Ta yi aure da wuri ba karatu, ta shiga kulle, ta kama sana'ar uwarta, ta jira tata 'yar ta isa ɗaukar tire. Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan zagaye, kowa abin da ya ga ya fi masa yake yi. Shi ya sa gwamnatocin da ke fitowa su ce sun hana talla suke shan kaye: sun hana yarinya fita, ba su ce wa uwar ga yadda za ta sayar da furarta ba, ba su kuma ce wa dangin ango su daina leƙen ɗaki ba.

Inji ma ya sake rabon ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Kaɗi sana'ar mata ce ta ƙarnuka, su ke juya mazari su fitar da zaren da masaƙa da marina ke jira, har zaren kamfani da yadin masaƙu irin ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, suka kashe ta. Dakau da niƙa da matsar mai duk hanyoyin samun mata ne, amma da injin niƙa da na matsar gyaɗa suka zo, maza ne suka mallake su, su ke karɓar kuɗin. Akasin haka ma ya faru: aikin allura a kan babbar riga da hula, wanda a da malamai da almajirai maza ke yi a zaure, ya koma hannun matan birnin Zariya da wasu garuruwa lokacin da maza suka sami abin da ya fi shi kawo kuɗi. Idan aiki ya yi tsoka yakan zama na maza, idan ya rame a bar wa mata, bayan shekara talatin kuma a ce dama can haka yake.

Turawa sun zo da nasu ra'ayin game da mace, suka ɗora a kan namu. Makarantar Ɗan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer) ta Nasarawa a Kano, ta 1909, ta maza ce, Kwalejin Katsina ta 1922 ma haka. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makarantu a Kano da Katsina, kuma abin da aka fi koya musu shi ne ɗinki da tsafta da renon yara. Saboda haka duk sabon aikin da zamani ya kawo, akawu da malamin asibiti da malamin gona, da fuskar namiji ya iso. A siyasa kuwa iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta zama gwaji mai ban sha'awa. Bahaushiyar Maraɗi ta sami ikon jefa ƙuri'a a 1956, lokacin da Faransa ta ba kowane baligi wannan dama a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, 'yar'uwarta ta Katsina kuwa sai a 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, abokan hamayya suna kiran duk macen da ta hau mumbarin siyasa karuwa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi ɗaya, amma shekara 20 tsakani. Duk da haka doka ba ta isa ita kaɗai ba: Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso a muƙamai tun 2000, amma har yanzu kusan uku cikin huɗu na 'yan matanta kafin shekara 18 ake aurar da su.

Yadda ake shuka wannan rabo a zuciyar yaro ba a aji ake yin sa ba. Yarinya na wasan 'yar tsana da tuwon ƙasa, ana goya mata ƙaninta tun ba ta fi shi ƙarfi sosai ba, ana ce mata ta rage murya, ta zauna da kyau, gidan wani za ta. A tashen azumi 'yan mata na yin Mairama da Daudu, ɗaya ta yi shigar miji ɗaya ta amarya, sauran suna koya mata yadda ake kai ruwa da abinci da ladabi. Idan ta yi aure ba za ta kama sunan mijinta ba, sai malam ko maigida ko alhaji. Wadda ta yi fice kuma, yabon da za a yi mata shi ne mace mai kamar maza, ko kallabi tsakanin rawuna, wato ma'aunin ƙwazo na maza ne, ita aro ta yi.

Ana yawan mantawa cewa namiji ma gina shi ake yi, kuma da zafi. Daga kaciya ake fara gaya masa cewa namiji ba ya kuka. Yana tasawa ake raba shi da ɗakin uwarsa, ya koma zaure ko shago, wani ma a kai shi almajirci wani gari yana ɗan shekara bakwai, abin da ba a yi wa 'yar'uwarsa. Idan aka gan shi yana yawan zama a madafa, a kore shi da tambayar ko shi ɗan daudu ne. Da ya girma, darajarsa gaba ɗaya a kan aljihunsa take: lefe, sadaki, muhalli, cefanen kullum, ragon suna. Namiji barkono ne, in ji Hausawa, sai an tauna ake sanin yajinsa, amma a zamanin da saurayi zai gama jami'a ya shekara biyar ba aiki, al'umma ba ta rage masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ta kuma koya masa yadda zai zauna da matar da ta fi shi samu ba tare da a kira shi mijin hajiya ba. Ina ganin wani kaso na yawan saki da ake kuka da shi, wanda ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, daga nan yake tasowa.

Maganar 'yan daudu ita ce inda wannan al'amari ya fi tsauri, kuma inda aka fi yin magana ba tare da lura ba. Al'ummar da ta raba duniya biyu, cikin gida na mata, waje na maza, dole ta sami gurbi a tsakani, domin akwai abinci irin na mata da matafiyi ke buƙata a tasha inda matar aure ba ta zuwa, akwai kuma saƙon da ke buƙatar mai iya shiga ɓangarorin biyu. 'Yan daudu a wannan gurbi suka zauna tun da daɗewa: maza ne masu magana da tafiya da ɗaura zane irin na mata, masu tuwo da waina da soya kaji a kasuwa da tasha, masu hidima a biki, waɗanda aka san su da kusanci da 'yan bori da gidajen mata masu zaman kansu, aka kuma san su da iya habaici. Jama'a na yi musu dariya, suna ƙyamar su, suna kuma sayen abincinsu, duk a rana ɗaya.

Kuskure biyu ake yi a kansu, daga ɓangarori biyu masu gaba da juna. Na farko shi ne na masu cewa Turawa ne suka kawo wannan, alhali Hausa na da kalmomin daudu da luwaɗi da maɗigo tun kafin a san intanet ko ƙungiyoyin waje. Na biyu shi ne na 'yan waje da ke zuwa da sunayen da aka ƙera a Amurka da Turai su liƙa musu. Daudanci a idon Bahaushe ɗabi'a ce da sana'a da ake gani a fili, ba shaida ba ce a kan abin da mutum ke yi a ɓoye. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a cikinsu a Kano a shekarun 1990, ya tarar da yawansu suna da mata da 'ya'ya ko suna burin haka, suna salla da azumi, suna neman zuwa Makka, kuma ba sa ganin kansu a matsayin wani jinsi na daban. Ya kuma tarar cewa akwai masu neman maza da babu alamar daudanci ko kaɗan a tare da su. A wurin da aure da haihuwa ne ke mai da mutum cikakken mutum, sha'awa ba ta zama sunan da mutum ke amsawa ba, kamar yadda ta zama a wasu ƙasashe.

Matsayin addini a fili yake: luwaɗi haramun ne, kuma hadisin da Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Amma malaman fiƙihu sun fi 'yan majalisar bakin titi taka-tsantsan. Sun ware babi a kan mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba, har da yadda za a ba shi gado, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta wanda laushin murya da motsi halittarsa ce da wanda ya ƙirƙiro su da gangan. Shari'a ta kuma tsananta sharuɗɗan shaida, ta hana bin diddigin asirin mutane. Taron da ke rufar wa mutum da duka saboda yanayin tafiyarsa ba daga littafi ya samo wannan ba.

Gurbin nasu ya ƙuntata tun daga lokacin da Zamfara ta fara aiki da shari'ar laifuka a Janairun 2000, jihohin da suka bi ta suka kai 12 har da ita. A Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauci bisa zargin shigar mata, a Janairun 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Ɗabi'ar da kakanninmu suka ajiye a gefen kasuwa suna yi mata kallon abin dariya da abin kunya ta koma abin da ake kallo da idon rigimar duniya tsakanin Musulmi da Yamma. Tsoron sunan kuma ya wuce kan masu shi, ya zama bulalar da ake tsare kowane yaro da ita daga wanke kwano ko taya uwarsa girki.

A ɓangaren mata kuwa sauyin da ya fi girma a shekaru arba'in da suka wuce ta ƙofar addini ya shigo, inda masu kallo daga nesa ba su zata ba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta dage a kan makarantun Islamiyya na matan aure, sauran ƙungiyoyi suka bi, FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, ta kafu a Minna a 1985. Hijabi, wanda wasu ke ɗauka ƙarin takura ne, shi ya ba matar aure damar fita da rana tsaka zuwa makaranta da asibiti da ofis ba tare da an zarge ta ba. Da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana mata hawa acaɓa a Kano a 2005, sai ta kawo babur mai ƙafa uku, wanda har yau sunan shirin A Daidaita Sahu yake amsawa, ya kuma sauƙaƙa wa mata zirga-zirga fiye da da. Wayar hannu ta zo ta taɓa tsohon zagayen nan a gaɓarsa mafi rauni, domin matar da ke tallata turaren wuta da atamfa da cincin a WhatsApp da Instagram, kuɗi na shigo mata ta banki, ba ta buƙatar cire 'yarta daga aji, ko da yake wannan bai kai ga mai furar ƙauye ba tukuna.

Matsin da ya fi ƙarfi yanzu daga cikin kunyar kanta yake fitowa. Magidancin da ba ya son likita namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa yana neman likita mace, ungozoma mace, malamar makaranta mace ga 'yarsa. Likita mace kuwa ba ta samuwa sai wani uban ya bar tasa 'yar ta gama sakandare, ta yi shekara shida a jami'a, ta kwana a asibiti tana aiki tare da maza, sannan wani mijin ya yarda a buga mata waya ƙarfe biyun dare ta fita. Gidajen da suka amince da haka suna ƙaruwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, kuma da yawansu gidajen malamai ne.